Komawa ƙwan LED a gida: inda ribar take, da abin da ke kashe ƙwan tun lokacinsa bai yi ba

Yau idan ka shiga shagon kayan wuta ka ce a ba ka ƙwai, LED za a miƙo maka, ba ma za a tambaye ka ba. Zancen a koma ko kada a koma ya kusa zama tsohon yayi. Abin da ya rage shi ne ƙorafi. Kwali ya ce ƙwan zai shekara goma, amma ko damina biyu bai gani ba ya mutu. An rubuta wat 20, haskensa bai kai na tsohon gulob mai wat 60 ba. An kashe makunni, shi kuwa yana ta ƙyalli har asuba. Kusan duk waɗannan tushensu ɗaya ne: ƙwan LED ƙaramar na'ura ce, danginsu ɗaya da cajar waya, kuma abin da ke lalata caja shi ke lalata shi, wato zafi, da wuta marar daidaito, da kayan haɗi na banza.

Abin da ke cikin ƙwan

Ɗauki ƙwan da ya mutu ka ɓalle farar hular robar da ke kansa. Za ka tarar da faifan alminiyom, an jera masa 'yan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Su ne ke ba da haske. Asalin haskensu shuɗi ne, wancan shafe mai ruwan ɗorawa shi ke juya wani kaso nasa har ido ya ga fari. Ƙirƙiro LED mai wannan shuɗin haske ne ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Ƙwayoyin an ɗaura su ne a jere, wuta ta bi ta farko ta shiga ta biyu har ta ƙarshe, don haka guda ɗaya ta ƙone, duka sun ɗauke. Idan ka ƙura ido sau da yawa za ka ga mai laifin, da ɗigon baƙi a tsakiyarta.

A ƙarƙashin faifan, ko a jikinsa idan ƙwan mai araha ne, akwai direba. Aikinsa shi ne karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mai da ita 'yar wuta mai tafiya daidai wadda ƙwayoyin za su iya ɗauka. A jikinsa akwai kafasita, wani ɗan gwangwani mai ruwan sinadari a ciki. Mai lafiya kansa a shafe yake. Wanda zafi ya dafa za ka ga kansa ya kumbura, wani lokaci har ya tsiyayo da ruwa mai launin ƙasa. Awa 15,000 ko 25,000 da ake rubutawa a kwali lissafin ƙwayoyin haske ne a ɗaki mai sanyi da wuta mai kyau. A gidajenmu direba ne yakan riga su mutuwa.

Masu gyara sukan haɗe ƙafafun ƙwayar da ta ƙone da dalma, ƙwan ya sake kamawa. Dabara ce mai aiki, sai dai abin da ya kashe ta farko yana nan yana jiran ta biyu.

Lissafin kuɗi

Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 ya yi aiki na awa guda. Ɗauki gida mai ƙwai 10, kowane wat 60, ana kunna su awa 6 a dare. Wannan yunit 3.6 ke nan kullum, yunit 108 a wata. A maye su da LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da nasu: yunit 0.54 a rana, kimanin 16 a wata. An tsira da yunit 92.

Nawa ne wannan a aljihu? Ya danganta da rukunin da layinka yake. A watan Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 ga 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga baya a cikin shekarar ya dawo wajen naira 209. A wannan farashi yunit 92 ya haura naira 19,000 a wata. Ko da a ce naira 60 kake sayen yunit, naira 5,500 ne. Kafin a cika wata uku ƙwayayen sun biya kuɗinsu.

Amma a faɗi gaskiya, gidaje da yawa sun daɗe da rabuwa da gulob mai zare, suna kan ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi da aka yi yayinsa da sunan mai tsimin wuta. Daga mai wat 15 zuwa LED mai wat 9, ribar ƙwai 10 ba ta wuce yunit 11 a wata ba. Nan babu gaggawa. A bar na ɗakin ajiya da na banɗaki su ƙarasa kwanansu, a fara da waɗanda ke kwana a kunne. Ƙwan da ya fi kowane cin kuɗi a gida shi ne na tsaro: fitilar halojin mai wat 500 da ke kwana awa 11 tana cin yunit 5.5 a dare guda, fiye da duk ƙwayayen cikin gida a haɗe. LED mai wat 50 na gaskiya yana cin kashi ɗaya cikin goma na wannan. Haskensa kusan rabin na halojin ne, amma ya ishi tsakar gida da ƙofa. Mai son cikakken hasken da ya saba sai ya nemi mai wat 100.

Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ba zai ga canji a takardarsa ba. Tasa ribar tana wajen janareta da batir. A janareta ma kada a sa ran mai zai ragu daidai da yadda wat ya ragu, domin inji yana shan fetur ko ba a ɗora masa komai ba. Abin da ake samu shi ne sarari: ƙaramin injin da ƙwai goma masu wat 60 ke durƙusar da shi, yanzu zai ɗauki hasken gida duka a wat 90, ya rage wa fanka da talabijin wuri. A sola kuwa bambancin ya fi fitowa fili. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma idan na ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabi, saura 1,200. Tsofaffin ƙwai goma za su shanye wannan cikin awa biyu. LED goma za su kai awa 11, bayan an cire abin da inbata ke ci.

Wat ba haske ba ne

Mun saba auna haske da wat saboda a zamanin gulob mai zare duk wat 60 haskensu ɗaya. Wat ma'aunin ci ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, wanda ake taƙaitawa lm a kwali. Don maye gurbin tsohon mai wat 40 ana neman lumen wajen 450, mai 60 wajen 800, mai 75 wajen 1,100, mai 100 kuma 1,500 zuwa 1,600. LED mai kyau yana ba da waɗannan da wat 5 zuwa 6, da 8 zuwa 10, da 11 zuwa 12, da 14 zuwa 16.

Raba lumen da wat tun kana gaban mai shago. Ƙwan gida na yau da kullum yana faɗawa tsakanin 80 da 120. Ƙasa da 70 ƙwai ne marar kirki. Kwalin da ya ce wat 9 da lumen 2,000 ƙarya yake yi. Wanda bai rubuta lumen ba sam, sai manyan lambobin wat da hoton rana, a mai da shi kanta.

Ƙaryar wat ita ce babbar cutar kasuwa, kuma mai mita a gida yana iya kama ta ba tare da ya sayi komai ba. Duba fuskar mitarka, kusa da 'yar jar fitilar da ke ƙiftawa, za ka ga an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh. Ma'anarsa tana ƙiftawa sau 1,000 a kowane yunit, wato kowane ƙiftawa wat ɗaya ne na awa ɗaya. Kashe komai na gida, firji da caja da duk abin da ke soket, ka bar ƙwan da kake tuhuma shi kaɗai. Idan da gaske wat 20 ne, fitilar za ta ƙifta duk bayan minti 3. Idan sai ta yi minti 6, wat 10 aka sayar maka da kuɗin 20. Mitar da aka rubuta wa 1600 ko 3200 ta fi saurin ƙiftawa, sai a daidaita lissafin da lambar da ke jikinta.

Nauyi ma shaida ne, ko da ba hujja ba ce. Ƙwan kirki yana da kofin alminiyom a cikin farar robar gindinsa don fitar da zafi. Wanda ka ɗaga ka ji kamar ba komai a hannunka, roba ce zalla.

Nawa ne ya ishi ɗaki? Ɗakin kwana yana son lumen 100 zuwa 150 a kowane murabba'in mita, falo 150 zuwa 200, kicin wajen 300. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan murabba'in mita 13 ne, don haka lumen 1,300 zuwa 2,000, wato ƙwai biyu masu wat 9. Biyun sun fi guda ɗaya mai wat 18 ko 20: inuwa ta ragu, ido bai sha ƙyalli ba, kowanne zafinsa kaɗan ne, kuma ranar da ɗaya ya mutu ba a kwana a duhu ba. Bango mai duhun fenti ko wanda ba a yi wa farar ƙasa ba yana shanye haske, sai an ƙara. A kuma lura LED ta kansa yake watso haske, bayansa duhu ne. Holdar bango da ta kalli sama za ta haska silin ta bar tabarma.

Zafi

Ana cewa LED ba ya zafi. Hularsa ce ba ta zafi. Taɓa gindinsa bayan awa guda ka ji. Fiye da rabin wutar da yake ci zafi take komawa, kuma duk a gindin take taruwa, daidai inda kafasita yake zaune. Masu haɗa na'urori suna da ƙa'ida a kan irin wannan kafasita: duk ƙarin digiri 10 yana rage masa kwana da rabi. Kwalaye da yawa sun rubuta cewa iyakar zafin wurin da ƙwan zai yi aiki digiri 40 ne. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Kano, iskar waje kanta tana haura wannan a watan Afrilu, balle ƙasan rufin kwano da ba silin.

To me za a yi? Kada a kulle ƙwai cikin rufaffen gilashi marar hanyar iska, sai in an rubuta a kwalinsa cewa ya dace da haka. Inda dole sai an rufe, a sa ƙaramin wat, 5 ko 7. A ɗakin da ba silin, a sauko da holda da waya kamar kamu biyu daga kwano. A kicin kada ƙwai ya tsaya saitin murhu, domin hayaƙi da maiƙo suna rufe hula su toshe haske, zafi kuma ya haɗu biyu. Manyan ƙwayayen nan masu wat 40 da 50 da ake ɗaurawa a shaguna su suka fi saurin mutuwa idan jikinsu roba ne, saboda zafin ya fi ƙarfin jikin.

Akwai inda zafin ne ake nema. Mai kiwon 'yan tsaki da ke ɗumama su da gulob mai wat 100 ko 200 kada ya canza. LED zai ba su haske ya bar su cikin sanyi. Haka ƙwan cikin oben na gashi, nasa daban ne.

Wutar da ba ta da ƙarfi, da wadda ta yi yawa

Juya kwalin ka nemi inda aka rubuta bolt. Za ka ga ɗaya daga cikin irin waɗannan: 220–240V, ko 175–265V, ko 100–240V, ko 85–265V. Wannan layi ya fi sunan kamfani muhimmanci ga duk wanda ke unguwar da tiransifoma ya yi wa kaɗan. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, wuta takan sauka ƙasa da 180 a irin waɗannan layuka. Ƙwan da iyakarsa 220 zai dushe, ko ya riƙa ɓari, ko ya ƙi kamawa. Mai 85 zuwa 265 zai tsaya da cikakken haskensa, a wutar da tsohon gulob ke komawa ja kamar garwashi, dogon ƙwai mai cok, wato ɗan akwatin da ke daidaita masa wuta, shi kuma ya ƙi tashi sam. Ya ɗan fi tsada, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Wuta mai yawa ita ce mai kisa nan take. Hanyarta ta farko ita ce bugun da ke zuwa a daƙiƙar da aka dawo da wuta. Ta biyu ta fi muni: tsinkewar wayar nutural a fal ko a tiransifoma. Tsakanin layi da layi akwai bolt 400, kuma idan nutural ya bar aiki, wutar wasu gidaje takan haura sosai ta nufi can, ta wasu kuma ta faɗi. Alamarsa ita ce wasu ƙwayaye su yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke, maƙwabci kuma yana kukan tasa ba ƙarfi. Wanda ya ga haka ya sauke babban makunnin gida kafin ya tsaya tambaya.

Maganin duka biyun wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a akwatin bireka, mai nuna lambar bolt a fuskarta. Ana saita ta ta yanke wuta idan ta haura kamar 255 ko ta sauka ƙasa da abin da kayan gida za su jure, ta kuma jinkirta wasu daƙiƙu kafin ta sake buɗewa bayan an kawo wuta. Kuɗinta bai kai na firjin da za ta tsare ba, ƙwayaye kuma su ci albarkacinsa. Ba ta tare tsawa. Wannan sai na'urar tare bugun tsawa tare da wayar ƙasa mai kyau. A ɓangaren janareta, a bar inji ya daidaita muryarsa kafin a juya cenja-oba, a kuma sauke kaya kafin a kashe shi. Injin da ke shaƙewa saboda mai ya ƙare yana aiko da wuta mai hawa da sauka, direba ba ya son ta.

Ƙyalli bayan an kashe, da ɓari

Ƙwan da ya ɗan yi daƙiƙu yana dushewa bayan an kashe lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kwana yana ƙyalli, ko yana walƙawa jefi-jefi, yana nuna akwai 'yar wuta da ke ratsowa. Tsohon gulob bai taɓa nuna ta ba saboda ta yi masa kaɗan, LED kuwa ko kaɗan ta ishe shi.

Dalili mafi yawa shi ne kuskuren wayarin: an bi da nutural ta makunni, an kai layif kai tsaye holda. Wannan ya wuce damuwar barci, haɗari ne, domin mai canza ƙwai yana ganin ya kashe wuta alhali holdar a raye take. A kira mai gyara ya mai da layif, wato jar waya ko mai ruwan ƙasa, ta bi ta makunni. A holda mai murɗi kuma layif ya tafi ɗigon tsakiya, nutural ya tafi zoben gefe inda yatsa ke iya taɓawa. Dalili na biyu makunni mai 'yar fitila a jikinsa, wadda ta cikin ƙwan take samun hanyarta. Na uku dogayen wayoyi da suka yi tafiya tare a bututu ɗaya, kamar na makunnin bene mai kashewa sama da ƙasa. Ƙananan inbata da janareta da ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba su ma suna jawo haka. Idan wayarin daidai yake amma ƙyallin bai tafi ba, akwai ɗan kafasita na musamman da mai gyara ke haɗawa a bakin holda ya shanye wutar.

Ɓari kuma a fara da holda. Holda mai fin da ta shekara tana shan zafin gulob mai wat 100, sifirin ɗinta ya saki, robarta ta ƙone ta yi baƙi. Canza ta ya fi canza ƙwai sau uku araha. Makunni mai rage haske ba ya tafiya da LED sai wanda aka rubuta ya dace da shi. Ƙwan da ya daɗe lafiya sannan ya fara ƙifce-ƙifce, kafasitansa ne ke bankwana.

Akwai ɓarin da ido ba ya kamawa, sau 100 a daƙiƙa, a ƙwan da aka yi wa rowar direba. Buɗe kyamarar waya ka kusanto da ita: idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, shi ne. Wasu mutane yana gajiyar musu da ido ya sa musu ciwon kai. A wurin da injin niƙa ko zarto ke juyawa ya fi haɗari, don yana iya sa abin da ke gudu ya yi kama da tsayayye.

Dogon ƙwai da fitilun silin

Nan ne aka fi yin ɓarna. Dogon ƙwai mai ƙafa 4 wat 36 ne, cok ɗinsa kuma yana ƙara cin kusan wat 8 zuwa 10 a banza. Madadinsa LED mai wat 18. Mai ƙafa 2 kuma wat 9 a madadin 18. Ba a zare wancan a zura wannan kawai. A sauke bireka, a cire tsohon ƙwai da sitata, a cire cok daga hanya. Sannan a karanta jikin sabon, domin iri biyu ne. Wani layif da nutural duk a kai ɗaya suke shiga, ɗaya kan riƙo ne kawai. Wani layif a wannan kai, nutural a wancan. Irin na biyun fin biyun kowane kai a haɗe suke ta ciki, don haka idan aka zura shi a gidan da aka yi wa wayarin irin na farko, layif da nutural sun gamu, sai tartsatsi. Bayan an gama a rubuta a jikin gidan ƙwan cewa an cire cok da kuma irin haɗin da aka yi, saboda wanda zai zo canzawa nan gaba. Wanda ba ya son wannan dogon aiki ya sauke tsohon gidan gaba ɗaya ya ɗaura LED mai haɗe da gidansa, waya biyu ce kawai.

Fitilun da ake binnewa a silin na POP direbansu daban yake, a ɗan akwati a bayansu, kuma masu shago sukan kira shi cok. Idan fitilar ta fara walƙiya ko ta mutu, yawanci shi ne, kuma ana sayar da shi shi kaɗai. A tafi da tsohon kasuwa a dace lambobin: yawan mA, wato ma'aunin wutar da yake tura wa ƙwayoyin, wanda sau da yawa 300 ne ko kusa da haka, da iyakar wat ɗin da aka rubuta. Direban da mA ɗinsa ya fi na asali zai ba da haske mai kyau na 'yan makonni sannan ya ƙone ƙwayoyin.

Launi

Lambar da ke ƙarewa da K ita ce launin haske. 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, shi ya cika kasuwa saboda ido yana ganin kamar ya fi haske. 2700K zuwa 3000K mai ruwan ɗorawa ne irin na tsohon gulob, 4000K kuma tsaka-tsaki. Lumen ɗaya ne, ci ɗaya ne. Ga kicin da wurin karatu 4000K ya wadatar. Ɗakin kwana ya fi dacewa da 3000K, domin haske mai shuɗi da dare yana jinkirta barci. A waje ma mai ruwan ɗorawa ya fi, don ƙwari ba su cika rububinsa ba kamar farin. Duk wanda ya share shinge a ƙofar ɗaki da farkon damina ya san darajar wannan. Ƙwan waje ya kasance mai lambar IP65, alamar cewa yana jure ƙura da ruwan sama, a kuma lanƙwaso wayarsa ƙasa kafin ta shiga jikinsa, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi waya ya shige.

Tela da mai sayar da shadda ko atamfa su nemi wata lamba, Ra ko CRI, wadda ke nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin kaya. 80 ya ishi gida. Su kuwa 90 suke buƙata, in ba haka ba zaren da ya dace da yadi a cikin shago zai fito daban a rana.

Ƙwai mai caji

Wannan yana da batir a gindinsa, yana ci gaba da haske awa biyu zuwa huɗu bayan an ɗauke wuta, da hasken da bai kai na lokacin wuta ba. Yadda yake gane a kunne yake ko a kashe shi ne ta lalubar ko akwai hanya tsakanin wayoyinsa biyu. Shi ya sa idan aka haɗa shi da wasu ƙwayaye a makunni ɗaya yakan ƙi mutuwa ko an kashe, yana jin hanya ta cikin 'yan uwansa. A ba shi makunninsa shi kaɗai. Ba ya caji sai makunnin yana kunne lokacin da akwai wuta. Batirinsa kuma yana zaune a wuri mafi zafi a ƙwan, don haka shi zai fara gajiya. Ɗaya a falo, ɗaya a tsakar gida ko hanyar banɗaki ya isa, ba a cika gida da shi.

Wajen saye, a duba gindin tsohon ƙwai tukuna: mai fin B22 ne, mai murɗi E27, siririn mai murɗi na fitilun ado E14. A sa mai shago ya gwada kowanne, a tambayi garanti, a rubuta ranar saye da maka a gindin ƙwan. Kada a sayi katan guda na sunan da ba a sani ba. A gwada biyu na wata guda a wurin da ya fi wahala a gidan.

Tsofaffin da aka sauke kuma a yi hattara da su. Murɗaɗɗen ƙwai da dogon ƙwai duka suna ɗauke da ɗan sinadarin makuri, mai guba ga ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Saboda shi ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya, suka amince a daina ƙera murɗaɗɗen ƙwan gida da shigo da shi daga ƙarshen 2025, dogayen kuma zuwa 2027. Kada a ba yara su yi wasa da su, kada a jefa su a bolar da ake cinna wa wuta. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a kashe fanka, a buɗe tagogi a bar ɗakin kamar minti 15. Kada a sa tsintsiya, tana watsa garin ne. A kwashe gilashin da kwali biyu, a dangwale ragowar da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka har tsumman a kwalba mai murfi ko leda biyu a ɗaure, sannan a wanke hannu da sabulu.